Wuƙar Ƙanena da Lasifikar Waje

Shekara tara na yi ina fassara fim a wani ɗakin kallo a unguwar Sabonjida, kuma har yau in mutum ya ce mini aikin banza ne sai mun ɓata. Ɗakin na kwano ne sama da gefe, benci goma sha biyu, fanka uku, ɗaya ba ta taɓa juyawa ba tun da na san ta. Ranar da ake ƙwallo, ƙwallo ake nunawa. Ranar da babu, sai mai ɗakin, wani tsohon direban babbar mota, ya sa fim bayan la'asar, ni kuma in zauna gefen allo da makirfo a hannu ina gaya wa mutane abin da ake cewa. Da Hausa nake yi, in yayyafa Dagbanci, yaren 'yan garin, inda zai fi daɗi. Turancina bai kai ya kawo ba, kowa ya sani. Abin da ban ji ba sai in ƙirƙira, kuma wallahi sau da yawa nawa ya fi nasu ma'ana.

Mutanenmu abu biyu suke son sani kafin su gyara zama: wane ne buloman, wato jarumin da ba ya mutuwa, wane ne kuma kila, mugun da za a kashe a ƙarshe. Da ka nuna musu waɗannan biyun ka gama rabin aiki. Sauran rabin dabarata ce ni kaɗai: ina raba wa 'yan fim sana'o'in unguwa. Mai tumbi ya zama mai shayin bakin tasha, matar da ke masifa ta zama mai wake da shinkafa da ba ta ƙara wa kowa miya. Dariya har wani ya faɗo daga benci. Da mai ɗakin ya ga muryata na kawo mutane, sai ya ɗaura lasifika a kan sanda a waje. Ana jin ta har ƙofar masallaci, har rumfar da Sarkin Fawa yake zama da yamma da dattawansa.

Kowa da wurin zamansa a ɗakin. Mahauta a hagu, sun taso daga kasuwa da ƙarnin nama a jikinsu. Fitoci, masu gyaran babur da yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, a dama, su kuma da baƙin mai har gwiwar hannu. Sauran jama'a a tsakiya. A bakin ƙofa akwai wani babban baho na roba, gefen matar da ke sayar da ruwan leda da zoɓo. Doka ce: mahauci ya ajiye wuƙarsa a ciki, fita, wato makanike, ya ajiye sifanarsa, in an tashi kowa ya ɗauki tasa.

Ƙanena mahauci ne. Gidanmu gidan fawa ne tun kakanni, ni ne kawai na lalace, don ba na iya kallon idon bijimi in an kwantar da shi. Da babanmu ya rasu, shi ya gaji teburinsa a kasuwa da babbar wuƙarsa mai ƙotar ƙaho, wadda wasawa ta cinye ta har ta rame a tsakiya. Da ita yake ciyar da matarsa da 'ya'yansa biyu da Mma, mahaifiyarmu, kuma in za a faɗi gaskiya da ni ma wani lokacin. Mutum ne mai kirki, amma zuciyarsa a kusa take. Sati uku kafin ranar da zan ba da labari, wani babban fita mai gemu ya gyara masa babur. Washegari babur ɗin ya mutu a hanyar dawowa daga kwata, da rabin bijimi a ɗaure a baya, a tsakiyar zafin bazara. Kafin ya samu abin da zai ɗauke shi naman ya juya, ya fara wari. Ƙanena ya tafi garejin, magana ta yi tsami, ya zare wuƙa. Bai taɓa kowa ba, an riƙe shi. Amma labari ya kai ga Sarkin Fawa, ya kira shi gaban mutane ya ce wuƙar mahauci ta dabba ce. Ranar da ya sake zare ta a kan ɗan Adam, ya kawo wuƙar ubansa ya ajiye a gabansa, ya bar teburin har abada.

Mma ta kira ni ɗakinta ta ce tunda kullum da yamma wajena yake zuwa, kuma mai gemun ma can yake zuwa, to in sa ido. Na ce mata kada ta damu. Har da bugun ƙirji na yi.

Al'adata in kalli fim da safe kafin in fassara shi. Ranar ina cikin kallo aka ɗauke wuta, mai ɗakin kuma ya ce ba zai ƙona man janareta saboda mutum ɗaya ba, don haka farkonsa kawai na gani. Abin da na gani ya ba ni mamaki. Wata duniya ce da babu bishiya, ƙasarta kamar toka, samanta kore. Akwai wasu manyan randunan gilashi jere, kowace da mutum a ciki yana barci cikin ruwa, kuma dukansu fuska ɗaya ce. Randa ta buɗe, mutum ya faɗo, a sa masa sulke, a ba shi makami. Wasu sulkensu ja, wasu ruwan toka. Sai su fita su kashe juna. A ɗan abin da na gani jajayen ne ke cin galaba, sai na ɗauka haka za a tafi.

Da yamma ɗaki ya cika. Aka sa fim, aka yi shiru. Hoton kam, kyansa ba a magana. Akwai inda ruwan sama yake tashi daga ƙasa zuwa sama, akwai inda aka harbi mutum ya tarwatse a hankali har kana ƙirga ɓarɓashinsa. Amma ba mai cewa uffan a ciki. Minti goma, sha biyar, ba kalma ko ɗaya, sai ƙara da numfashi. Ni kuwa ina zaune da makirfo ina gumi kamar wanda aka gayyata biki ya tarar ba a dafa komai ba.

Sai ra'ayoyi suka fara tashi. Akwai wani malamin makaranta daga kudu, Kirista, a Gurugu yake zaune, muna ce masa Masta. Da Hausarsa ta kasuwa ya ce, "Wannan fim, hoto yana kyau, amma labari babu." Wani Bazabarme mai sayar da rigunan waya ya yi ta istigfari, yana cewa mutum ba uwa ba uba ai saɓo ne, amma bai tashi ya fita ba. Wani tsohon wanzami daga Nyanshegu, wanda ba ya fashin zuwa, ya ce duk wannan ɓarnar rashin wanzami ce ta jawo ta: da an yi wa kowane tsaga a kumatu ranar suna, da kowa ya san ɗan gidansu. Mai ruwan leda ta leƙo daga ƙofa ta tambaya wa yake dafa wa wannan rundunar abinci, tunda ba ta ga mace ko ɗaya ba. Sai wani daga baya ya ɗaga murya ya ce in daina zaman kurame in gaya musu wane ne buloman. Ɗaki ya ɗauka. Wane ne buloman, wane ne kila, ko kuwa a kashe a sa wani.

To a nan na yi wautar. Mai fassara in ya yi shiru ya mutu, abin da na sani ke nan. Na dubi hagu na ga ƙanena ya harɗe hannu, na tuna jajaye ne ke ci, na ce bari in faranta masa. Na gyara murya na ce jama'a, ai abin a fili yake: masu jan sulke mahauta ne, jini ne ya rine su, masu ruwan toka kuwa fitoci ne, ƙurar gareji ce. Ɗaki ya fashe da dariya. Hagu ta yi tafi, dama ta yi ihu. Na ba jajaye muryar mahauta, suna tambayar juna ko a haɗa da ƙashi. Duk wanda aka kashe cikin masu toka sai in ce ga wanda ya sa wa babur tsohon fulogi. Na ga haƙoran ƙanena a cikin duhu. Raina ya yi fari, na ce yau na iya aiki.

Sai fim ya juya. Masu toka suka fito da wata mota mai ƙafafu, suka bi jajaye suna tattakewa. Ba minti biyar ba, ba goma ba, kusan sauran fim ɗin duka. Ana kashe su ana sake zubo su daga randa, ana sake kashewa, fuska ɗaya tana mutuwa iri-iri: a tsinke kai, a fasa ƙirji, a ƙone ta da rai. Fitoci suka miƙe tsaye a kan benci. Mai gemun nan yana buga gwiwa yana cewa a ƙara musu.

Mai hankali a nan zai ce ya yi kuskure, ashe jajayen 'yan wata ƙasa ce. Ko ya ce wa mai ɗakin ya kashe janareta. Na yi tunanin haka, ba zan yi ƙarya ba. Amma dariyar dama ta fi ta hagu ƙarfi, fitoci sun fi yawa ranar, ni kuma dariya ita ce giyata. Duk abin da na jefa sai ɗakin ya girgiza. Na manta da Mma, na manta da Sarkin Fawa, na manta cewa bayan babbar wuƙar da ƙanena ya ajiye a baho akwai wata ƙarama ta cire ƙashi da yake sokewa a ƙugu, a ƙarƙashin riga. Na san da ita, don ni na ɗinka masa kubenta.

Sai aka nuno wani dogon ɗaki. Masu toka sun kwaso gawarwakin jajaye suna rataye su a ƙugiyoyi, jere, kai a ƙasa, za a narka su a sake yin wasu. Ɗakin kallo ya yi tsit, don hoton ya yi kama da kwata da safe, har yadda ake wanke ƙasa da tiyo. Shaiɗan ya ɗora mini magana a harshe na kuwa sake ta. Na ce, "Jama'a, yau mahauci ne a rataye. Ku zo da wuri kafin babur ya mutu naman ya juya."

Ban taɓa jin dariya irin wannan ba, kuma ban taɓa jin ta katse haka ba. Ledar ruwa ce ta fara tashi daga hagu ta fashe a fuskar wani fita. Sai takalmi. Sai wani ya ɗaga benci da mutane biyu a kai ya kifar. Kan ka ce kwabo ɗakin ya hautsine. Babu haske sai na allo, mutane suna dukan duk wanda ke kusa. Na ji ƙarar katako a kan mutum, irin ƙarar da ba ta fita daga kunne. Masta yana ƙarƙashin benci yana kiran Yesu. Aka tattake Bazabarme da jakar kayansa. Wani ya ciro ƙafar benci da ƙusa a jikinta ya yaga wa wani kunne, jini ya fantsamo har kan allo, ya haɗu da na cikin fim. Aka bugi kwanon bango har ya ɓalle daga ƙasa. Tsohon wanzami ya zauna daɓas yana laluben haƙorinsa. Mai ruwan leda, Allah ya saka mata, ta kife kan bahon nan ta rungume shi, ta ce sai dai a kashe ta amma ba mai ɗaukar ƙarfe.

A cikin wannan na hango su. Ƙanena ya danne mai gemu a jikin bango, mai gemu ya shaƙe shi da hannu biyu. Allon ya yi fari na ɗan lokaci, wani abu ya fashe a fim ɗin, sai na ga hannun ƙanena ya shiga ƙarƙashin riga ya fito. Ban san lokacin da na tashi ba. Na kira cikakken sunansa, da sunan babanmu, na ce, "Ajiye wuƙar nan! Za ka kashe shi!" Na tsallake mutum biyu na damƙi hannunsa, na kuskure, na kama kaifin. Ta yanke mini tafin hannu daga gindin babban yatsa zuwa ɗaya gefen. Ta kuma riga ta shafi damtsen mai gemu. Da ƙanena ya ga jinin nawa ne sai ya saki, wuƙar ta faɗi, wani mahauci ya taka ta ya tura ƙarƙashin kwano.

Sai a lokacin na lura makirfo yana ɗaya hannuna, a kunne. Cikin duhu da hayaniyar nan, da ƙyar mutum huɗu suka ga wuƙar. Amma lasifikar waje ta kai muryata ƙofar masallaci, ta kai gidan masu tuwo, ta kai rumfar Sarkin Fawa. Unguwa guda ta ji sunan ƙanena, da sunan ubanmu, da kalmar wuƙa, daga bakina.

Aka ɗinke mini hannu. Mma ba ta yi mini faɗa ba, ta dubi bandejin kawai ta juya fuskarta bango. Na so a ce ta zage ni.

Kwana biyun da suka biyo baya babu wata hira a majalisun ataya, inda ake shan shayi, sai ta fim ɗin, har da waɗanda ba su gan shi ba. Wasu suka ce ba a taɓa kawo fim mai kyansa ba, a sake sa shi. Wasu suka ce fim ɗin da ba shi da buloman ba fim ba ne, yaudara ce. Fitoci suka rantse masu toka ne ke da gaskiya, mahauta suka ce da an bar shi ya ƙare da jajaye sun rama, alhali ba wanda ya ga ƙarshensa. Masta, da ƙullutu a goshi, ya ce shi har yanzu bai ga labari ba. Wanzami ya tsaya a kan maganarsa ta tsaga. Mai ɗakin ya ce duk wanda ya ƙara ambatar fim ɗin a gabansa sai ya ci mutuncinsa.

Rana ta uku Sarkin Fawa ya tara mu a rumfarsa bayan azahar. Mahauta suka ce su ba su ga wuƙa ba. Mai ruwan leda ta ce babbar wuƙar tana cikin bahonta tun farko har ƙarshe, kuma gaskiya ta faɗa. Aka juya ga mai gemu, damtsensa a naɗe. Na ɗauka a nan za a gama da mu. Sai ya ce duhu ne, kwano ya ɓalle, ƙila shi ya yanke shi. Bai ɗago kai ba da yake faɗa. Na ji kunyar mutumin nan har cikin ƙashina.

Saura ni. Sarkin Fawa tsoho ne mai magana a hankali, abokin babanmu ne, ya goya ni ina ƙarami. Ya ce ya ji muryata da kunnensa, amma ya san sana'ata, ya san nakan sa wa 'yan fim sunayen mutanen unguwa. Ya ce, "Ɗana, abin da na ji, fim kake fassarawa, ko kuwa?"

Ƙofa ya buɗe mini, kowa ya gane. Ni kuwa ƙarya ce abincina. Nan take labarin ya haɗu a kaina: akwai wani ja da ya ɗaga wuƙa a allo, na sa masa sunan ƙanena don raha, hannuna kuma kwano ne. Na fara, muryata ta zauna daidai kamar ina gefen allo. Na ce Baba, ai a daidai lokacin an nuno wani mai jan sulke.

Ƙanena ya ce, "Yaya, ya isa. Ka daina sa mini magana a baki."

Ya tashi ya kwance babbar wuƙar daga cikin tsumman da ya naɗe ta, ashe da ita ya zo. Ya durƙusa ya ajiye ta a kan tabarma, ƙotar tana fuskantar tsohon. Ya ciro ƙaramar ya ajiye a gefenta. Ya ce ya zare, kuma da ban kama ba da ya soka. Sarkin Fawa ya daɗe yana kallon ƙotar ƙahon. Sannan ya sa aka ɗauke ta aka kai cikin gida.

Teburin babanmu wani ɗan baffanmu ke tsaye a kai yanzu. Ƙanena yana bayan kwata, wajen da ake babbake ganda da ƙafafun shanu. Aikin hayaƙi ne, ba ya buƙatar wuƙa sai ƙarfen kankarewa, kuma idanunsa kullum jajaye. Ni na bar fassara. Yatsuna biyu ba sa lanƙwasuwa, amma ba shi ne dalili ba. In na ɗauki makirfo sai in tuna abin da ya jawo, in ajiye shi. Wata bakwai muna cin tuwo a kwano ɗaya a gidan Mma, ba ya ce mini komai sai gaisuwa. Bai taɓa zargina ba. Wannan ya fi komai ci mini rai.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya same ni a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida. Ya miƙo mini wayarsa. Wani ya tura masa fim ɗin. Ya ce yana so mu kalla tare tun daga farko, amma da sharaɗi ɗaya: in rufe bakina. Muka zauna a benci, kafaɗa da kafaɗa, allon bai fi tafin hannuna mai tabo ba. Randunan suka buɗe, mutanen suka zubo, suka kashe juna. Ɗakin ƙugiyoyi ya zo ya wuce, na ji shi ya ja numfashi. A ƙarshe mutum biyu suka rage, sulkensu ya ƙone har ba ka gane launinsa, suka zauna a kan toka suna kallon juna, fim ya ƙare haka. Ban ce uffan ba, karo na farko a rayuwata.

Ya karɓi wayar ya goge ta da bakin rigarsa. Hannunsa duk baƙin hayaƙi ya shiga tsagar fata. Ya ce, "Hoton yana da kyau." Sannan ya ce, "Yaya, ashe babu mahauci a ciki."

Ya sa wayar a aljihu, ya tashi ya tafi, don an kawo kawunan shanu da yawa ranar kuma wutarsa na jiransa.